Yammacin da Na Kai Jikokina Kamun Tarwaɗa a Tiga

'Ya'yana, a hutun bazarar da ta wuce jikokina uku suka zo mini daga Kano, suka tasa ni gaba wai sai na kai su dam sun kama tarwaɗa. Babbansu takwarana ne, shekararsa 14. Mai bi masa yana da 11, sai autarsu 'yar shekara 7, wadda nake kira amarya, ita kuwa kullum sai ta faɗa mini ba ta auren mai furfura. Na ce to, Allah Ya kai mu bayan la'asar. Takwarana ya ɗaga kai ya dubi sama ya ce, "Kaka, me zai hana mu tafi yanzu? Ga rana tsaka, komai ana gani." Na ce ai kai ne kake gani, takwara. Ita tarwaɗar tana can gindin dutse ta yi lamo, ba ta ma san ka shigo gari ba.

A bakin Kogin Kano aka yanke mini cibiya, kuma gidanmu gidan su ne kaka da kakanni. Ina saurayi aka fara gina madatsar Tiga a 1971, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama a 1974. Da idona na ga ruwa yana hawa gonakin da na sani, yana shanye kuka da tsamiya har sai da kawunansu suka ɓace. Daga baya boko ya ɗauke ni, na yi shekaruna ina riƙe da alli a gaban allo, amma ƙugiya ba ta taɓa barin aljihuna ba. Yanzu da na ajiye aiki na dawo kusa da ruwan, ina zaune ina kallon samarin da ke shiga suna fita, sai nake ganin kuskuren da muka yi muka sha wuyarsa shi ne dai ake maimaitawa, sai ka ce ba a taɓa yin na gaba ba. Shi ya sa na ga gara in ba ku labarin yammacin nan, ku tsinci abin da za ku tsinta.

Tarwaɗa ba da ido take kiwo ba. Gashin bakin nan nata guda takwas da su take lalube, da su take ɗanɗano, shi ya sa duhu da ruwa mai laka ba sa damunta. In rana ta yi sanyi sai ta taso daga zurfi ta bi gefen gaɓa tana neman abin da zai shiga baki, kuma ba ta da zaɓe: tana, gara, ɗan kwaɗo, hanjin kaza da ya kwana, har guntun sabulu na sha kama ta da shi. Allah Ya yi mata wata baiwa a cikin kai, bayan inda sauran kifaye ke numfashi, wadda take shaƙar iska da ita kai tsaye. In ka natsu a bakin ruwa da magariba za ka ji "ɓulum", ta leƙo ta kurɓi iska ta koma. Da wannan baiwar take rayuwa a kududdufin da karfasa ba za ta kwana ba, kuma da ita take jan ciki a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa da dare daga wannan ruwa zuwa wancan. Duk wannan juriyar, guntun tana a bakin ƙarfe ke kawo ta tukunya. Ba banza Bahaushe ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala ba.

Muka haƙa tana a gindin randar bayan gida inda ƙasa ke da laima, muka zuba a gwangwani. Na yanke wa kowa sandarsa, na ɗaura zare da ƙugiya, na saƙala guntun tsohon silifa ya zama alama a kan ruwa. Da muka isa, kafin kowa ya jefa komai, na ja su muka je muka gaida dattawan da ke gyaran kalli a inuwa, na tambayi inda ake samu a 'yan kwanakin nan. Takwarana yana ta ƙunƙuni wai ɓata lokaci ne. Gaisuwar minti biyar ce ta raba mu da wurin da na yi niyya tun daga gida, domin sun ce an ja taru a nan da safe, ko ƙaya ba za mu samu ba.

Sai aka zo zaman jira, inda ake gane halin mutum. Takwarana ya jefa, ko ƙirga goma ba a yi ba ya ciro ya duba. Ya sake jefawa, ya tashi ya canja wuri, ya dawo. Alama ta ɗan motsa, ya fizga da ƙarfinsa duka, ƙugiya ta taso fayau ta maƙale a rigar ƙanensa. Can ya gaji ya soke sandar a laka ya ciro waya. Yana cikin latsawa alamarsa ta nutse ta taso, ta nutse ta taso, kafin ya waiwayo an cinye koton an bar masa ƙarfe. Amarya kuwa tunda na ce mata, "Kada ki ja sai kin ga silifan ya tafi ƙasa bai dawo ba," ta kafa masa ido ko ƙiftawa ba ta son yi. Ana kiran magariba daga ƙauye sandarta ta lanƙwashe, ta ƙwalla ihu, na riƙe mata ƙugu muka ja tare. Tarwaɗa ce baƙa wuluk, tsawon kamu biyu da ɗoriya.

Ɗana, tarwaɗa takan fara taɓa koto da gashin baki, ta ɗan ja ta saki, sai ta amince take haɗiya. Wanda ya fizga a taɓin farko ya kore ta, wanda hankalinsa ya tafi wani wuri kuma ya ciyar da ita kyauta. Na ga wannan fizgar a wuraren da babu ruwa ko kaɗan. Yaro ya shiga koyon walda wata uku, ya ga abokinsa ya samu kuɗi a sayar da waya, ya ajiye ya koma can, bayan wata biyu ya ji ana maganar acaɓa. Shekara biyar ta wuce, ya taɓa sana'a shida, babu wadda za a kira shi da sunanta. Ba lalaci ne ke damun irin waɗannan yaran ba, wallahi wasunsu sun fi mu kuzari lokacin da muke kamarsu. Zaman ne ba su iya ba, alhali sannu ba ta hana zuwa.

Murna ta sa na tsakiyan ya kai hannu zai cafki kifin kamar yadda ake cafkar ɗan tsako. Allah Ya sa na riga shi, na buge hannun. Tarwaɗa tana da ƙaya biyu masu kauri, ɗaya kowane gefe a bayan kai, in ta ji an taɓa ta sai ta miƙe su ta yi ta fizge-fizge, ga jikinta sulɓi babu ɓawo. Na nuna masa yadda ake dafe kan daga sama, a sa yatsu bayan ƙayoyin a danne, sannan a zare ƙugiya. Na kuma nuna masa tabon da ke tafin hannuna na hagu, wanda ƙurungu ya yi mini ina ɗan shekara goma. Shi ƙurungu ƙayarsa uku, masu haƙora kamar zarto, in ya kafe su ba sa komawa, in suka shiga nama da tsiya suke fita. Kwana bakwai hannun yana kumbure ban iya riƙe cokali ba. Akwai kuma minjirya, mai taushin jiki da ɗige-ɗige, ka gan ta kamar ba za ta iya kashe ƙuda ba, amma in ka damƙe ta sai ta watsa maka lantarkin da za ka ji har kafaɗa. Dukansu gashin baki gare su, baƙon ruwa zai ɗauka dangi ɗaya hali ɗaya. Abin da ba ka sani ba, tambayi wanda ya riga ka jiƙa ƙafa kafin ka kai hannu. In kifi ya fito ya ce kada ido ɗaya gare shi, wa zai yi musu?

Da suka ga an fara samu sai suka ce a ɗauki kwale-kwale a shiga tsakiya, wai can manyan suke. Na ƙi. Suka yi magiya, amarya har da cewa za ta yarda ta aure ni, na dai ƙi. A nan nake son ku ba ni kunnuwanku sosai, domin sauran kurakuran ana gyara su gobe, wannan kuwa ba ya ba da gobe.

Ruwan dam yana da yaudara. Kogi kana ganin gudunsa ka ji tsoro, shi kuwa dam kwance yake luf kamar tabarma, sai yaro ya raina shi. Gefen da kake takawa ruwa iya gwiwa, taku biyu gaba tsohon kwari ne da zai shanye rimi. A bazara, lokacin da aka saki ruwa don noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, ruwan yakan ja baya, duwatsu da kututturan da ke ƙasa su matso kusa da sama ba tare da sun nuna kai ba, jirgi ya hau ɗaya ya kife. Sannan iskar farkon damina ba ta sallama. Za ka ga gabas ta ɗan yi duhu, kafin ka juya filafili sau ashirin ruwan da ke kwance ya tashi tsaye. Tsofaffin masunta da sun ji iska ta canja sanyi a bayan wuya suke naɗe kayansu, ko da kifi na shiga kamar ana zuba shi. Ranar nan kuwa gabas ba ta yi mini kyau ba, ga yara uku babu wanda ya iya ruwa, ga ni tsoho mai hannu biyu.

Ba ku manta da Bagwai ba. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgi ya taso daga Badau zai tsallaka dam ɗin Watari, cike da mutane, yawancinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi, ya kife, aka rasa rai aƙalla 29. Watanni shida kafin nan, a Mayu, wani ya nutse a yankin Warrah ta jihar Kebbi da mutum fiye da 100. In ka bi labarin irin waɗannan haɗurra sai ka tarar da abu iri ɗaya: lodi ya wuce kima, jirgi ya tsufa, babu rigar ruwa. Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma gaskiya ne rai na hannun Mai shi. Amma malamanmu ba su taɓa koya mana tawakkali ba tare da riƙon sababi ba. Ɗana, in ka zo hawa jirgi ka ga bakinsa ya kusa shan ruwa, sauka ka jira na gaba, ko da za a yi maka dariya a ce matsoraci. 'Yata, in an miƙo miki rigar ruwa ki sa, kada ki ce za ta ɓata miki kwalliya. In kuma kai ne mai tuƙi, kuɗin mutum biyar ɗin da za ka ƙara ba za su sayi barcinka ba in abin ya faru.

Ku koyi iyo, ku koya wa 'ya'yanku, maza da mata. Mun bar 'yan mata a baya a wannan, alhali su ma suna hawa jirgi zuwa kasuwa da biki, kuma ruwa ba ya tambayar wane ne ya faɗo. A koya a wuri marar zurfi, gaban babba wanda ya iya. Wanda ya iya ɗin ma kada ya ɗauka ya gama, iya ruwa fid da kai. Na san gwanaye da suka tafi wajen ceto, domin mai nutsewa ba ya cikin hankalinsa, duk abin da ya kama sai ya danne shi ƙasa. Miƙa masa sanda, jefa masa igiya ko jarka marar komai a rufe, ka yi kururuwa a zo.

Akwai wata ɓarnar ruwa da ba ta da hayaniya. Da zafi ya ishi yaran suka so su tuɓe su faɗa wani lungu mai ciyawa inda ruwa ba ya motsi, na hana, na ɗebo musu 'yan ƙananan katantanwa daga jikin ciyawar na nuna musu. A cikin irinsu tsutsar tsargiya ke girma, ta fito ta yi yawo a ruwa, ta huda fata ta shiga jiki ba ka ji ba. Bayan makonni yaro ya fara fitsari da jini a ƙarshe. Muna yara har alfahari ake yi da abin, wai alamar an zama namiji ce. Jahilci ne muka gada. Cuta ce mai cin mafitsara a hankali, tana iya taɓa ƙoda, tana tsotse jinin yaro ya yi ta rama ya kasa karatu, kuma mata ma tana kama su. Maganinta Praziquantel, ƙwayoyi ne da ake bayarwa gwargwadon tsawo ko nauyin mutum, har a makarantu akan raba. Wanda ya ga jini ya je asibiti, ya bar jiƙe-jiƙe da ɓoyo. Kuma don Allah a daina fitsari da bahaya a cikin ruwa ko bakinsa, ta nan ƙwan ke komawa ga katantanwar.

To, bayan mun yi sallar magariba a kan dutse, Allah Ya tausaya wa takwarana. Ya ajiye wayar a cikin hulata, ya zauna, alama ta nutse, ya jira yadda ya ga ƙanwarsa ta yi, ya ja. 'Yar tarwaɗa ce da ba ta fi tsawon yatsana na tsakiya da rabi ba. Ya yi ta tsalle. Na bar shi ya gama murnarsa, sannan na ce ya zare ƙugiyar a hankali ya mayar da ita. Ya dube ni kamar na mare shi. "Kaka, ita kaɗai fa na kama." Na ce na sani. Ka kai ta gida loma ɗaya ce, ƙanwarka ma ba za ta ƙoshi ba. Ka bar ta ta ga damina biyu, in mace ce ƙwan da za ta zuba dubbai ne. Da ruwan farko ya sauka, dam ya fara hawa ciyawar gefe, tarewaɗi kan fito da dare su bi sabon ruwan su zuba ƙwai a jikin ciyawa su tafi abinsu, cikin kwana ɗaya ko biyu ya ƙyanƙyashe. Babu uwa mai tsaro, kowa na cin 'ya'yan, har 'yan'uwansu. Wadda ta kai girman ta hannunka ta tsallake mutuwa dubu. Ya yi shiru, ya tsuguna, ya buɗe hannu a cikin ruwa. Bai yi mini magana ba har muka kusa gida, ni kuma ban matsa masa ba.

Ban faɗa masa ba a lokacin, amma ku zan faɗa muku: na taɓa yin abin da ya fi wannan muni nesa ba kusa ba. Ina da shekara kamar 19 na bi wasu samari muka zuba gamalin a wani gurbi da rani, maganin ƙwarin nan Gammalin 20 da aka yi don gona. Kafin awa guda kifi ya taso fari fat, muka cika buhuna, na shigo gida ina taƙama. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya sunkuya ya shinshina, ya ce a fitar masa da shi daga gida. Bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Da asuba ya tashe ni ya ce in raka shi. Muka tarar da gurbin ya yi shiru, kwaɗi a kife, 'ya'yan kifi kamar an watsa shinkafa a bakin gaɓa, tsuntsaye biyu a mace, ga sawun shanun Fulani da suka sha ruwan da dare. Ya tsaya ya daɗe, sannan ya ce, "Baɗi a ina za ka yi su?" Iyakar abin da ya ce ke nan. Shekara uku gurbin bai dawo daidai ba, kuma har yau ban san cikin wa kifin da abokaina suka kai kasuwa ya shiga ba. Wannan ne ke hana ni barci in na tuna.

Yau gubar ta ragu a inda na sani, amma ga gidan sauro. An raba shi don ya tsare yara daga zazzaɓi, sai ka gan shi an ɗinke an ja a ruwa, yana kwashe har abin da ido bai gama gani ba. Mu da yatsa muke auna idon kalli, kuma abin kunya ne a ga babban mutum da mai yatsa ɗaya. Dokar kamun kifi ta ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana raga mai ƙananan ido, sai dai doka tana Abuja, ruwa yana nan. Abin da ke tsare ruwa shi ne Sarkin Ruwa da ake jin maganarsa da masunta masu jin kunyar juna. Na san uzurin da za a kawo, kuma ba na raina shi: gida babu hatsi, in ban kwashe ba wani zai kwashe. Kifi na ganinka, mai jar koma. Amma in kowa ya ce haka, wanda zai fara kwana da yunwa shi ne mai faɗar. Ku haɗa kai ku tsayar da lokacin hutu a farkon damina, ku tsayar da idon raga, wanda ya karya a hukunta shi ko ɗan wane ne.

Ku dubi Argungu. Tun 1934 ake bikin kamun kifin nan, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, kuma kowa na mamakin giwan ruwan da ake fitarwa da koma da gora, wani sai mutum biyu sun ɗauka. Sirrin a fili yake: kogin Matan Fada a rufe yake sauran shekara, babu mai jefa komai sai ranar da aka ba da izini. Ku kuma dubi ƙasa da mu. Ruwan da madatsun Tiga da Challawa suka tare shi ne da can yake malala a fadamun Haɗeja da Nguru, ya bi Komadugu ya faɗa Tafkin Chadi. Mu mun samu tumatir da shinkafar rani, su ambaliyar da kifinsu ke haihuwa a ciki ta ragu, ciyawar kacala ta toshe musu hanyoyin ruwa. Tafkin Chadi kansa, da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, fari da ɗibar ruwa sun mayar da shi abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma ba a shekarun 1980. Wanda ya ga wannan ba zai ƙara cewa ruwa ba ya ƙarewa ba.

Da yawanku yanzu ba dam kuke nufa ba, kiwo kuke so a tanki ko a rami a bayan gida, kuma ina murna da haka. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon irin tarwaɗar nan tamu, cikin wata huɗu zuwa shida tana iya kai kilo guda in an kula da ita. Sai dai na ga yara sun kalli bidiyo biyu a waya, sun sayar da babur, sun zuba 'ya'yan kifi 2,000, a wata na uku kuɗin abinci ya ƙare, domin abincin ne ke cin fiye da rabin jarin. Kifi ya ji yunwa, manya suka bi ƙanana suka haɗiye, ranar kwashewa aka ƙirga abin da bai kai rabi ba. Halinta na dam shi ne halinta na tanki. Dole a riƙa tace su ana raba manya da ƙanana, a canja ruwa kafin ya yi wari, a san mai saye tun kafin ranar kamu, in ba haka ba dillali ya zo ya same ka da kifin da ba ka iya ci gaba da ciyarwa, ya yanka maka farashin da ya ga dama. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka je ka yi wa mai gona aiki zagaye ɗaya, ko kyauta ne, sannan ka fara da 200 naka.

Kada kuma ƙarni ya sa ku kunya. Na sha ganin ɗan masunci ya shiga birni yana ɓoye sana'ar gidansu, alhali kuɗin bandar uwarsa ne ya biya masa makaranta. Ni ma da shi aka saya mini littafin farko.

Mun iso gida bayan isha da tarwaɗa huɗu, biyu nawa, ɗaya ta amarya, ɗaya ta na tsakiyan. Kakarsu ta murje yauƙin da toka, ta yi farfesu da citta da masoro da daddawa, aka ba amarya kan kifinta ta yi ta fama da shi. Muna cikin ci takwarana ya matso ya ce a hankali, "Kaka, in na dawo hutun baɗi za ta kai nawa?" Na nuna masa daga yatsa zuwa gwiwar hannu, na ce in masu gidan sauro sun bar ta.

Ɗana, 'yata, in akwai tsoho a gidanku da ya taɓa riƙe ƙugiya kuma ƙafarsa na iya kai shi bakin ruwa, kada ku bari hutun nan ya wuce. Ku ɗauki yaranku ku same shi bayan la'asar, ku riƙe masa gwangwanin tana, in ya ce yau ba a shiga jirgi, ku zauna a gaɓa.